Gyaɗar Kasuwa da Gyaɗar Gida

Ciwon daji ya kama matata a hanta, ya kashe ta tsakanin shuka da girbi. Tukunya ɗaya muka ci ni da ita tun muna da ƙuruciya. Ita ta tafi, ni aka bar ni. Ni ɗan kasuwar gyaɗa ne, ko in ce dā can. Ban yi lakwal ba, wato boko, allo ma ban yi nisa ba, kuma ban iya doguwar magana ba. Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai tun ranar da muka rufe ta: ko abin da na riƙa kawowa gida da hannuna shi ne ya cinye ta. Wannan nake so in faɗa a rubuta.

A zangon Dapaong aka haife ni, lokacin da gari bai kai ga gonakinmu ba. Kukan zabi ke tashe mu da safe, sai taɓarya ta amsa daga gida zuwa gida, ka ji turmin gidanmu yana gardama da na maƙwabtanmu 'yan ƙabilar Moba. Yaro ba ya zama. In ba ka tafi rijiya ba, kana bayan tumaki, in ba haka ba kana kan hanyar gona da ƙafa, fartanya a kafaɗa. Tuwon jar dawa muke ci, da miyar kuka ko ta yakuwa, wani lokaci zogale da rama a kwaɗa da ƙuli. Daddawar kalwa kakata ke yin ta da kanta, warinta ya kama zanenta har ba a raba su. Nama sai da salla, ko in zabuwa ta karye a ƙafa. Zaƙinmu a daji yake: garin ɗorawa da ke rina mana baki rawaya, ɗinya, kaɗanya in ta faɗo da farkon damina. Ba zan ce ba a mutuwa a lokacin ba. Ƙyanda ta ɗauke ƙannena biyu cikin mako guda. Akwai kuma manyan da cikinsu ke kumbura su rame su tafi, a ce sammu ne. Wataƙila shi ne wannan ciwon, ba mu da sunansa kawai. Amma mun san abin da ke cikin kwanonmu, mun san gonar da ya fito da hannun da ya taɓa shi. Yau jikokina suna cin taliya daga leda da dunƙulen miya mai gishiri, su kora da ruwan zaƙi na kwalba, kuma in za su je bakin titi sai sun tsai da zemijan ya ɗauke su a babur.

Kakata, uwar mahaifina, ita ke da ikon gyaɗa a gidanmu. Gajeriya ce, mai faɗa, haƙoranta ja da goro. Ni take kira mijinta, kamar yadda kakanni ke yi.

"Mijina rago," take cewa, "taso ka juya mini gyaɗa, ko in sake ka in auri ɗan Moba."

In an tuge gyaɗa, sai mu kife ta saiwa sama ta sha rana a gona. A tsinke ta, a shanya a kan falalen dutse, kullum a juya, kullum a kwashe kafin raɓa. Ba ta shiga rumbu sai Kaka ta ɗebo ƙwara uku ko huɗu ta girgiza a kunnenta. In ta ji ƙwayar tana kaɗawa a cikin ɓawo, ta bushe. In shiru, a mai da ita rana. "Gyaɗar da ba ta yi magana ba, ba ta kwana a rumbuna," in ji ta. Da ɓawonta ake ajiye ta, sai ranar da za a ci a ɓare. In an ɓare kuwa, tana zama da faifai ta raba kashi uku: na iri, na ci, da na wuta. Na wutar su ne waɗanda suka yamutse, da masu baƙin ciki, da waɗanda suka yi fumfuna kore-kore. Ko kaji ba ta ba su. Murhu take zuba su. Wata rana ta kama ni na tsinci ɗaya a bakin murhu na jefa a baki. Ta sa yatsa ta ƙwaƙulo ta, ta murɗe mini kunne har na ga taurari da rana tsaka.

Sai wata shekara ta zo da ba na mantawa. Dawa ba ta yi ba. Gyaɗa kaɗai ta yi, ita muka sa wa rai. Mun tsinke mun tara, sai ruwan da kowa ya ɗauka ya tafi ya dawo, ya yi kwanaki yana zuba. Aka lulluɓe tarin da tabarmi. Da rana ta fito aka buɗe, zafi ya taso daga ciki kamar an buɗe tukunya, da wani wari irin na tsohon ɗaki. Fiye da rabi ta yi fumfuna. Mahaifina ya tsaya a kanta, ya juya wajen Kaka.

"Inna," ya ce, "a wanke ta, a soya. Wuta tana kashe komai."

"Wutar da za ta kashe wannan," in ji Kaka, "sai wadda za ta mai da ita toka."

"Inna, yara za su ci me?"

"Su ci ganye. Yunwa tana kama mutum kana ganinta. Wannan ba a ganinta."

Ba ta jira yardarsa ba. Ta sa mata suka ware mai kyau, ta tara sauran a bayan gida, ta zuba harawa busasshiya, ta kawo garwashi da kanta. Gyaɗa tana da mai, ta kama da ƙarfi. Ƙamshin suya ya cika zango, mu kuwa cikinmu yana kuka. Na tsaya ina kallon abincinmu yana ci da wuta, na tsani tsohuwar nan a ranar. Shekarar mun sha wuya. Mun ci tafasa da rama ba mai, har wuyana ya zama kamar na zabuwa. Mahaifina bai sake zama a ɗakinta ya yi hira ba sai da sabon hatsi ya shigo. Ni bayan mahaifina na bi. Na ce a raina, in na girma na yi gidana, ba za a zubar da ƙwaya ɗaya ba. Na cika wannan alkawari, kuma shi ne abin da nake kuka da shi.

Da na zama saurayi na bi kamiyo, babbar motar kaya, na sauka Sokode. Na yi dako, na yi awo, har na samu magaza tawa, ɗakin ajiya na siminti da rufin kwano. Na yi aure, muka zauna a unguwar Kpangalam. Sana'ar ita ce ka hau arewa da wuri, tun gyaɗa ba ta gama bushewa ba, ka saya ɓararriya kafin wasu su riga ka. Ba wanda ke da lokacin girgiza ta a kunne, ba ma ɓawon da za a girgiza. A ɗura a buhun leda, a ɗinke, a lulluɓe da tamfol, a sauko da ita Sokode inda iska ke da laima. A jibge a kan siminti, kwano yana zufa daga sama. Kafin masu saye su zo daga Lome, sai a zazzage, mata su zauna su tsince. Mai kyau, ja mai sheƙi, ita ce ta kasuwa, don mutanen Lome ba sa ɗaukar mai tabo. Abin da ya rage a gefen tire, yamutsattsiya da mai baƙi da mai fumfuna, shi muke kira ta gida. Ba ni kaɗai ba, duk layinmu haka ake yi. Ɗan kasuwar da ya kai gyaɗa mai kyau gidansa, dariya ake yi masa, a ce yana cin jarinsa. Masarar da nake ɗaukowa a Kparatao da Pagala ma haka, mai kyau ta tafi, mai tabo ta je injin niƙa ta zama tuwonmu.

Matata, uwar Rabi, ita ke karɓar ta gida. Mace ce mai hannu. Ta soya, ta kai niƙa, ta matse mai, ta yi ƙuli-ƙuli da tunkuza. Miyar gyaɗa da sakwara, kunun gyaɗa da azumi, yaji na tsire, duk daga buhun nan. Kuma tana da wata ɗabi'a: in tana aiki tana jefa ƙwaya a baki, tun safe har yamma. Mu muna ci a kwano, ita tana ci a kwano tana ci a tire. Sau ɗaya na tuna ta yi magana.

"Baban Rabi, ta wannan karon tana da ɗaci fa."

"Ƙara barkono."

"Kai dai da za a sayi ɗacin ma, da ka kai shi Lome."

"Soya ta da kyau," na ce. "Wuta tana kashe komai."

Maganar mahaifina ce ta fito daga bakina, ban ko lura ba. Ta yi dariya ta ci gaba da suya. Haka muka yi har muka aurar da Rabi, har ta haifa mana jikoki, ni kuma na riƙa aika mata nata kason na ta gida, ina ganin alheri nake yi.

Ciwon ya fara da gajiya. Sai abinci ya fita ranta, sai idonta ya yi rawaya. Kowa ya ce shawara ce. Muka jiƙa saiwoyi da sassaƙe, ta sha wata da watanni. Wani mai magani da ke yawo da lasifika a mota ya ce garinsa yana narkar da kowane ƙulli a ciki. Na saya. Ƙarya ne. Sai da cikinta ya fara tashi, gefen dama ya yi tauri kamar dutse, sannan na kai ta asibiti. Aka ɗebi jini, aka yi hoton ciki, aka tura mu Lome, aka sake yi. Likitan da Faransanci yake magana. Wata ma'aikaciyar jinya, 'yar ƙabilar Kotokoli da ta tashi a zango, ita ke juya mini da irin Hausarta.

"Baba, ciwon daji ne a hanta. Ya yi nisa. Ba a iya yanka."

Na ce me ya kawo shi. Ta tambaye shi, ya yi magana mai tsawo, ta taƙaita. Akwai wata ƙwayar cutar hanta a jininta, mai yiwuwa tun tana jaririya, ba ta sani ba. Ita kaɗai tana iya kawo wannan. Sai likitan ya tambayi sana'ata. Da na faɗa, ya ajiye alƙalami. Ya tambayi yadda muke ajiya, da wadda muke ci. Na faɗa masa gaskiya, don ban ga abin kunya a ciki ba. Ya ce fumfunar gyaɗa da masara tana barin dafi wanda ke cin hanta sannu a hankali, shekara da shekaru, kuma in ya tarar da waccan ƙwayar cutar, su biyun suna haɗa kai.

"Amma muna soyawa," na ce. "Har ta yi ja."

"Baba, likita ya ce suya ba ya kashe shi. Dahuwa ma ba ya kashe shi."

"To ni na kashe ta ke nan?"

Ba ta juya masa wannan ba. Ta ce, "Ba wanda zai iya rantse maka da wanne ne. Kwana na Allah ne. Amma buhun da ke gida, kada kowa ya ƙara ci."

A motar dawowa uwar Rabi tana jingine da kafaɗata, ni kuwa warin tarin gyaɗar nan na Dapaong nake ji a hancina. Tsohuwar da ba ta san ko harafi ɗaya ba ta faɗa mini wannan tun ina yaro, na zaɓi in tsane ta.

Da muka iso ban zauna ba. Gidan Rabi na fara zuwa. Na same ta a tsakar gida da kasko a wuta, gyaɗar da na aiko tana ciki, yaranta suna zagaye da ita suna jiran ta huce. Na sauke kaskon, na ɗauki buhun.

"Baba, lafiya? Me likita ya ce?"

"Gobe ki kai yaran nan asibiti a duba jininsu, ke ma. In akwai allurar rigakafi a yi musu. Wannan kuma kin gama cin ta."

Na tara ta gida duka a bayan magaza, da ta gidana da ta Rabi da wadda ke jiran tsinta, na zuba kara na kunna. Abokan layi suka fito. Maƙwabcina a kasuwa, wanda muka yi dako tare tun muna samari, ya riƙe mini hannu.

"Kai, mutumin Dapaong, ka haukace ne? In ba ka so, ba ni in kai wa masu ƙuli."

"Ƙulin wa zai ci?"

"To ba ni in ba kaji."

"Kajin wa zai ci?"

Ya sake ni. Wani daga baya ya ce, "Kakanninmu sun ci ba su mutu ba." Na ce tawa kakar ba ta ci ba. Ƙamshin suya ya cika layin, iri ɗaya da wancan. A wannan karon ba yunwa nake ji ba.

Ma'aikaciyar jinyar nan ta yi mini bayani kafin mu baro Lome, kuma na riƙe. Ta ce abinci ba zai warkar da ita ba, kada wani ya ruɗe ni, amma zai riƙe mata ƙarfi ta yi kwanakinta da sauƙi. Kaɗan-kaɗan, sau da yawa. A rage gishiri saboda kumburin. A bar saiwoyin da ba a san su ba, hantar ta gaji. Maganin zafi a kan lokacinsa, kada a jira sai ta yi kuka. Ta fita ta sha iska, kada a rufe ta a ɗaki kamar an riga an binne ta. Na rufe magaza. Ni da ban taɓa hura wuta a gidana ba, na koyi dama kunun gero. Na nemo daddawar kalwa ta gaske a wajen wata tsohuwa, na watsar da dunƙulen. Miyar kuka marar nauyi, zogale, gwanda in ta nuna, ɗan kifi. Rabi tana zuwa ta taya ni, amma na safe nawa ne. Da hantsi in riƙe ta mu taka daga ƙofar ɗaki zuwa gindin mangwaro, mu huta, mu dawo. Matan unguwa su zo su zauna da ita suna tsegumi, ta yi dariya tana riƙe da ciki. Malamin masallacinmu yana biyowa bayan la'asar ya yi mata addu'a. Duk abin da Kaka ke ba mu a Dapaong don ba mu da wani, shi na koma nema a Sokode da ido rufe, bayan lokaci ya wuce.

Gyaɗa kam na hana ta shiga gidan. Ko sunanta ba na so.

Wata safiya muna gindin mangwaro, ta rame har awarwaronta na zamewa zuwa gwiwar hannu, na faɗa mata abin da likita ya ce game da ta gida. Ban ɓoye ba. Na ce ta yafe mini.

Ta kalli kaji. Sannan ta ce, "Ni na tsince, ni na soya, ni na ci. Ba ka ɗura mini ba. Na yafe. Amma rowa kam kana da ita, Baban Rabi, wannan ko Allah ya sani."

"Na sani."

"To in ka sani, kunun gyaɗa nake sha'awa."

"Ba gyaɗa a gidan nan."

"Kai da ka ciyar da Lome gyaɗa? Ba dafin nake nema ba. Gyaɗar nake nema."

Na aika Dapaong aka kawo mini mai ɓawo, wadda wani manomi ya shanya wa gidansa. Na zauna a gabanta da faifai. Kowace ɗaya sai na girgiza a kunnena na ji ta yi magana kafin in ɓare. Na ware manya, jajaye, masu sheƙi, waɗanda ko mutanen Lome ba su taɓa samun irinsu a wajena ba. Tana kwance a tabarma tana gyara mini: kada ka ƙona, ka murje ɓawon, tsamiyar ta yi yawa. Na dama, na tace, na kawo mata a ƙaramin kwano. Ta sha ludayi ɗaya. Ta tsaya. Ta sha na biyu, ta riƙe shi a baki kafin ta haɗiye.

"Baban Rabi," ta ce, "ashe haka gyaɗar da kake sayar wa mutane take da daɗi?"

Ba da faɗa ta faɗa ba. Mamaki take yi. Tun tana amarya take zaune a cikin gyaɗa, hannunta ya tsince buhunan da ba su ƙirguwa, ba ta taɓa sanin ɗanɗanon mai kyau a kwanonta ba.  Ta sha na uku ta ture kwanon. Kullum da safe na ci gaba da dama mata, tana shan abin da ta iya, har ranar da ba ta iya ba. Ta rasu ana fara tuge sabuwar gyaɗa.

Ni ma an duba ni. An ce hantata ta taɓu amma tana aiki, in riƙa zuwa ana dubawa. Ina zuwa. Rabi da yaranta an duba su, an yi wa yaran allura. Magaza na bar wa wani. Layinmu na Sokode har yau ana raba ta kasuwa da ta gida. Biyu ko uku sun daina tun ranar wutar nan, sauran suna cewa baƙin ciki ne ya taɓa mini kai.

Yanzu ina Dapaong, a ɗaki guda cikin tsohon gidanmu. Inda rumbun Kaka yake an yi shagon sayar da katin waya. Falalen dutsen da muke shanya yana nan, gidaje sun kewaye shi. Ina noma 'yar gona a bayan gari, ina zuwa da ƙafa. Ina cin tuwon dawa da miyar kuka, ni nake dafawa. In gyaɗa ta bushe ina girgiza ta a kunne, in raba kashi uku, na ukun ya tafi murhu. Mai kyau ita nake aika wa Rabi da jikoki, ita nake damawa da safe. Kwano ɗaya nake zubawa, ni kaɗai nake sha.